Goro, gahawa da shayi: yadda za ku zaɓi aikin kemistiri na baje kolin kimiyya a sakandare

Idan malamin kemistiri ya ce a kawo batun aikin baje koli a kan tsirrai masu wartsake jiki, abin da ya fi saurin faɗo wa ɗalibi shi ne fitar da kafeyin daga ganyen shayi. Yana da kyau a yi hakan sau ɗaya don hannu ya saba, amma bai kai a kira shi bincike ba. Tun 1819 wani Bajamushe mai suna Friedlieb Ferdinand Runge ya ware kafeyin daga 'ya'yan gahawa, kuma hanyar tana cikin littattafan aji. Alƙalin gasa zai dubi ɗan farin garin da kuka samu ya tambaye ku abin da kuka gano. Aikin da zai iya amsa masa yana da ƙaramar tambaya guda ɗaya, da hanyar auna amsarta da lamba, kuma hanyar ta dace da kayan da ke ɗakin gwajin makarantarku.

Yaran gidajen Hausawa a Makka, Jidda da Madina suna da wata dama da abokan ajinsu ba su da ita. Goro yana shigowa gidajenku, kun san fari da ja, kun san sabo da daushe. Ga kuma gahawar dalla, wato gahawar Larabawa da ake zubawa daga butar da ake kira dalla, da shayin da ake sha kullum. Daga nan ya kamata batun ya fito.

Abin da za ku sani game da sinadarin

Kafeyin shi ne C8H10N4O2, nauyin mol ɗinsa giram 194.19. A ruwa mai sanyin ɗaki giram 2 kawai ke narkewa a mililita 100, a tafasasshen ruwa kuwa ya haura giram 60. Idan aka gasa shi a bushe, a wajen digiri 178 yakan tashi ya zama tururi kai tsaye, ya sake daskarewa kamar ƙananan allurai a jikin gilashi mai sanyi. Ba shi da launi. Hasken da yake haɗiyewa na UV ne, wanda ido ba ya gani, a wajen nanomita 273, saboda haka kyamarar waya ba ta ganinsa, kuma duhun shayi ba ya nuna yawan kafeyin da ke ciki. Duhun nan aikin tanin ne, sinadarin da ke sa shayi bauri, da danginsa.

Busasshen ganyen shayi yakan ƙunshi kafeyin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Gahawar arabika tana da wajen kashi 1.2, robusta kusan ninkin haka. Busasshen goro yana da wajen kashi 2, wani ya fi wani, tare da ɗan tiyobromin, sinadarin da ya fi yawa a koko. Zoɓo ba shi da kafeyin ko kaɗan, wanda ya sa ya dace da zama samfurin da za ku gwada hanyarku a kansa: idan hanyar ta nuna muku kafeyin a zoɓo, hanyar ce ke da matsala. Ku riƙe waɗannan lambobi, domin su ne za su gaya muku tun kafin ku kunna murhu cewa giram 10 na shayi ba zai ba ku fiye da miligiram 200 zuwa 400 ba, kuma sikelin kicin mai auna giram ɗaiɗai ba zai ga wannan ba.

Abubuwan da ba a taɓawa

Ganyen gat, wanda ake taunawa don wartsake jiki, haramtacce ne a dokar Saudiyya, kuma sunan kimiyya ba ya halatta riƙe shi. Ku cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Taba ma haka, domin nikotin da aka tattara guba ne mai ratsa fata. Kada ku tsara gwajin da za a shayar da ƙanne ko abokan aji gahawa a auna bugun zuciyarsu, ko a ba kaza ko ɓera. Gidauniyar Mawhiba tare da Ma'aikatar Ilimi suna shirya gasar ƙasa ta Ibda'a, daga cikinta ake zaɓar masu wakiltar Saudiyya a ISEF, babban baje kolin ɗalibai da ake yi a Amurka a watan Mayu. Ƙa'idojin ISEF sun wajabta samun amincewar kwamiti kafin a fara duk wani gwaji a kan mutum ko dabba mai ƙashin baya, da cike takardar tantance haɗari idan za a yi aiki da sinadarai masu illa. Amincewar da aka nema bayan an gama aiki ba ta karɓuwa. Ko da bajen naku na cikin makaranta ne kawai, ku bi wannan tsari, ku karanta sharuɗɗan shiga na shekarar tare da malaminku.

Shi kansa garin kafeyin zalla ba a ɗanɗana shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ƙaramin cokali ɗaya nasa ya kai kofin gahawa 28. Iyaye su san cewa wannan aiki na ɗakin gwaji ne, a gaban malami, da tabarau da safar hannu. Abin da za a iya yi a gida shi ne busar da samfur, niƙa shi, da gwajin tsirar iri.

Ku fara da leƙa kabad ɗin ɗakin gwaji

Kafin ku ƙulla zuciya a kan wani batu, ku je wurin ustaz ko ustaza da takarda, ku rubuta abin da ke akwai. Akwai sikeli mai auna 0.001 na giram, ko aƙalla 0.01? Akwai akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki? Akwai mazurarin rabewa, wato mai famfo a ƙasa? Akwai buret da fifet, wato bututun gilashi na auna ruwa daidai, da aidin da sodiyam tayosalfet? Akwai na'urar auna haɗiyar haske, kuma tana kaiwa UV ko hasken da ido ke gani kaɗai take aunawa? Amsoshin nan su ne za su zaɓa muku hanya. Inda babu akwatin zuƙe hayaƙi, ku bar maganar fitarwa da ruwan sinadari, ku koma kan tanin ko tsirar iri da ke ƙasa. Inda akwai akwatin da buret, kuna iya auna kafeyin sosai ko babu wata na'ura mai tsada.

Tambayoyin da suka cancanci wahala

Na goro sun fi ɗaukar hankali, domin ba kasafai alƙalai suke ganinsu ba. Shin farin goro da jan goro sun bambanta a yawan kafeyin idan aka kwatanta su a bushe? Shin yawan yana canjawa idan goro ya daɗe a ajiye, ko ruwa ne kawai ke fita har ya zama kamar ya ƙara ƙarfi? Akwai kuma namijin goro. Bishiyarsa Garcinia kola ce, danginta daban da na Cola nitida da ake ci kullum, duk da sunan da suka yi tarayya a kai. Tambayar ko yana ɗauke da kafeyin kamar goro tana amsuwa da farantin TLC guda ɗaya, wato faranti mai rarraba sinadaran da ke cikin samfur (bayaninsa yana ƙasa), sannan a gina sauran aikin a kan abin da ya bayyana.

Na gahawa sun dace da ƙasar. An ware 2022 a matsayin shekarar gahawar Saudiyya, kuma a shekarar UNESCO ta sanya noman gahawar Khawlani ta duwatsun Jazan cikin jerin al'adun da ake kiyayewa. Gahawar dalla ana soya ta sama-sama ne, ta fito ruwan ɗorawa, ba kamar baƙar gahawar Turkiyya ba. Mutane da yawa suna ɗauka baƙar ta fi kafeyin. Ku sayi ɗanyun 'ya'yan gahawa daga buhu ɗaya, ku raba su kashi huɗu na giram 50, ku soya kowane kashi na tsawon lokaci daban a zafi ɗaya. Wajibi ne ku auna nauyi kafin suya da bayanta. Suya tana fitar da ruwa da wasu sinadarai, nauyi ya ragu sosai, alhali kafeyin yana jure zafin suya. Wanda ya ba da sakamako a kan giram na soyayyar gahawa kawai zai ga kamar suya tana ƙara kafeyin. Ku kawo lissafin duka biyu, a kan nauyin ɗanye da a kan nauyin soyayye, ku bayyana bambancin. Wata tambayar ita ce tsawon lokacin da gahawa ke yi a wuta: minti 5, 10, 20 da 30, a ga inda fitar kafeyin ke tsayawa. A irin wannan gwaji kada ku zuba hel (cardamom) ko zafaran, sai idan su ne abin da kuke bincike a kai.

Kowace kuka ɗauka, abu ɗaya tak za ku riƙa canjawa. Wanda ya kwatanta goro da shayi da gahawa da lemon kwalba a lokaci guda zai tashi da jadawali mai cike da lambobi amma ba zai iya cewa me ya jawo me ba.

Shirya samfur

Ɗanyen goro kusan rabinsa ruwa ne, kuma da zarar an yanka shi yake fara yin ja saboda iska. Ku auna shi da zarar kun ɓare, ku yayyanka shi siri-siri, ku busar a tanda a digiri 60. Bayan awa huɗu ku auna, ku mayar, ku sake aunawa duk bayan awa ɗaya har sai awo biyu a jere sun zo daidai. Zafin nan bai isa ya kori kafeyin ba. Ku niƙa, ku tankaɗe da rariya ɗaya ga dukkan samfura, domin gari mai laushi ya fi saurin sakin abin da ke cikinsa, kuma bambancin niƙa kaɗai yana iya kama da bambancin iri. A Jidda iska tana da danshi, busasshen gari yana shan ruwa ya ƙara nauyi a cikin awoyi kaɗan. Ku zuba shi a kwalba mai murfin kirki tare da ƙunshin silika irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, ku rubuta suna da kwanan wata.

Kada goro ɗaya ya wakilci irinsa. Ku haɗa aƙalla guda biyar na kowane iri, in da hali daga masu sayarwa daban-daban. Ruwan da za ku yi aiki da shi ya zama wanda aka tace ta hanyar tururi, ba na famfo ba.

Fitar da kafeyin

Ku auna giram 10.00 na garin a bika mai cin mililita 400, ku zuba ruwa mililita 150 da sodiyam kabonet giram 5. Aikin kabonet shi ne ya mayar da tanin gishiri, ya zauna a cikin ruwa, kada ya bi kafeyin zuwa mataki na gaba. Ku tafasa a hankali minti 10 kuna juyawa. Ku tace da zafinsa, farko da ƙyalle mai tsabta, sannan da takardar tacewa. Idan jiƙon shayi mai ƙarfi ya huce yakan yi gajimare, domin kafeyin da tanin suna haɗuwa su kwanta, kuma takarda za ta riƙe su ku yi asara. Ku sake tafasa tukar da ruwa mililita 50, ku tace, ku haɗa, ku ƙafar da ruwan ya dawo wajen mililita 100.

Goro yana da sitaci mai yawa, kuma idan ya tafasa yakan yi kauri kamar koko ya toshe takarda. Maganinsa shi ne a jiƙa shi a digiri 50 zuwa 55 na minti 30 ana juyawa, ba tare da tafasawa ba. Idan kun ɗauki wannan hanya, dukkan samfuran da za ku kwatanta su bi ta.

Ku bar ruwan ya huce sarai, ku narkar da gishirin girki giram 25 a ciki. Gishirin yana rage wa kafeyin wurin zama a ruwa, yana kuma taimaka wa rabuwa. Tsofaffin littattafai suna cewa a yi amfani da daikuloromitan. Yana jan kafeyin sosai, amma shaƙarsa tana da illa babba, har Amurka ta hana mafi yawan amfani da shi a 2024. Etil asitet ya fi dacewa da ɗalibai, sai dai yana kamawa da wuta cikin sauƙi, don haka babu harshen wuta ko ɗaya a ɗakin. Dalilin jiran ruwan ya huce biyu ne: etil asitet yana tafasa a digiri 77, kuma ruwan kabonet mai zafi yana lalata shi.

Ku juye ruwan a mazurarin rabewa, ku ƙara etil asitet mililita 30, ku toshe, ku kifa, ku buɗe famfon nan take iska ta fita, bakinsa yana kallon cikin akwatin hayaƙi. Ku riƙa jujjuyawa a hankali na minti biyu kuna sakin iska. Kada ku girgiza da ƙarfi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cinye wa ɗalibai lokaci, domin girgiza tana haifar da kumfa mai kauri a tsakani wadda za ta iya yini ba ta rabu ba. Idan ta riga ta samu, ku ƙara gishiri kaɗan, ku juya da sandar gilashi, ku jira, in ta ƙi ku tace ta cikin auduga. Etil asitet ya fi ruwa sauƙi, shi ne a sama. Wanda ya kwafo umarni daga littafin da ya yi amfani da daikuloromitan zai ga an ce a riƙe na ƙasa, ya zubar da kafeyinsa a kwata. Kada ku zubar da komai sai aikin ya kammala.

Ku maimaita sau uku da mililita 30 kowane. Ga dalilin da za ku faɗa wa alƙali. A ce kafeyin ya fi son etil asitet sau 2 a kan ruwa. Idan kuka zuba mililita 90 gaba ɗaya a kan ruwa mililita 100, abin da zai rage a ruwan shi ne 100 a raba da 280, wato kashi 36 cikin ɗari. Idan kuka raba uku, kowane zagaye yana barin 100 a raba da 160, wato 0.625, kuma sau uku ya zama kashi 24. Da wannan mililita 90 ɗin dai kun samu kashi 76 maimakon 64.

Ku haɗa kashi ukun, ku zuba busasshen sodiyam salfet kaɗan-kaɗan har sabon da kuka zuba ya daina dunƙulewa, ku jira minti 10, ku tsiyaye a cikin bikar da kuka riga kuka auna nauyinta. Ku ɗora ta a kan ruwan ɗumi cikin akwatin hayaƙi har ta bushe.

Aunawa

Nauyin abin da ya rage a bika shi ne awo mafi sauƙi kuma mafi rauni. Na shayi yakan yi kore-kore saboda launin ganye, na gahawa yakan zo da maiƙo, duka kuma suna ƙara nauyi. A gefe guda wani kafeyin ya tsaya a ruwa. Kurakuran biyu suna ja ta fuska daban, ba ku san wanda ya rinjaya ba.

Awon buret da aidin ya fi shi nesa ba kusa ba. A cikin ruwa mai asid, mol ɗaya na kafeyin yana kama mol biyu na aidin su kwanta a matsayin gari mai launin ƙasa-ƙasa. Sai a auna aidin da ya rage. Ku narkar da dukkan abin da kuka fitar a ruwa, ku cika mililita 50 daidai. Ku ɗebi mililita 10 zuwa kwalbar awo mai cin 50, ku ƙara mililita 5 na salfurik asid mai kashi 10 wanda malami ya haɗa, da mililita 25 na aidin 0.05 M (M na nufin mol a kowace lita), ku cika zuwa layi, ku toshe, ku ajiye a duhu minti 15. Ku tace da busasshiyar takarda, ku zubar da mililita biyar na farko, ku ɗebi 25 daidai da fifet. Ku riƙa ɗigo da sodiyam tayosalfet 0.1 M har launin ya koma ruwan ɗorawa mai haske, sannan ku sa ɗigon ruwan sitaci ya yi shuɗi, ku ci gaba har shuɗin ya ɓace. Ku yi irin wannan sak da ruwa zalla a madadin samfur.

Kowace mililita ɗaya ta bambanci tsakanin awon ruwa zalla da na samfur tana daidai da miligiram 4.855 na kafeyin. A ce ruwa zalla ya ci 12.4, samfur ya ci 8.6. Bambanci 3.8 ne. Ku ninka sau 2 tunda rabin kwalbar kuka auna, ya zama 7.6, sau 4.855 ya ba da miligiram 36.9. Ku ninka sau 5 tunda kashi ɗaya cikin biyar kuka ɗiba: miligiram 184.5 daga giram 10, wato kashi 1.8 cikin ɗari.

Abubuwa uku ke ɓata wannan awo. Aidin yana tashi a zafi, kuma duk wanda ya tashi lissafi zai ɗauke shi a matsayin kafeyin, don haka ku yi aikin a ɗaki mai na'urar sanyi, ku rufe mazurarin, ku yi sauri. Tanin ma yana cin aidin, shi ya sa ba a yin awon a kan jiƙon shayi kai tsaye. Tayosalfet kuma yana raguwa da ƙarfi idan ya daɗe a kwalba, sai malami ya tabbatar da ƙarfinsa a makon da za ku yi aiki.

Idan makarantar tana da na'urar UV, ku haɗa kafeyin zalla miligiram 2, 4, 8, 12 da 16 a kowace lita, ku auna a nanomita 273, ku zana layi. Miligiram 10 a lita yana ba da haɗiya wajen 0.5. Ku tsarma samfurinku har ya faɗo cikin layin. 'Yar kwalbar awon ta zama ta kwaz, domin gilashi da roba na yau da kullum suna haɗiye UV da kansu. Samfurin ya zama an narkar da shi a ruwa bayan etil asitet ya bushe ƙaƙas, domin shi ma yana haɗiye haske a kusa da wurin.

Kowace hanya kuka bi, ku jarraba ta a kan abin da aka san amsarsa. Ku narkar da kafeyin zalla miligiram 200 a jiƙon zoɓo, ku bi dukkan matakai, ku ga nawa ya dawo. Idan 130 kuka samu, kun san hanyarku tana dawo da kashi 65, kuma kuna da hujjar gyara sauran sakamakon da shi. Ɗalibai kaɗan ne ke yin wannan, kuma yana daga cikin abin da ya fi gamsar da alƙali.

Tabbatar da cewa kafeyin ne

Kama da wane ba wane ba ne, farin gari kuma suna da yawa. Ku samu farantin TLC na silika mai alamar F254, ku ja layi da fensir santimita ɗaya daga ƙasa. Ku ɗiga samfurinku, da kafeyin zalla a gefensa. Inda babu zallan, ku niƙa ƙwayar Panadol Extra a cikin etanol: tana da farasitamol miligiram 500 da kafeyin miligiram 65, za ta ba da tabo biyu, na kafeyin shi ne na ƙasa. Ku tsayar da farantin a kwalba mai murfi da etil asitet kashi 9 da metanol kashi 1, zurfin ruwan bai kai layin fensir ba. Idan ya kusa kai sama ku cire, ku yi alama, ku busar, ku duba a ƙarƙashin fitilar UV ta nanomita 254 da tabarau, ba tare da kallon fitilar ba. Tabon da ya ja jela yana nuna kun ɗiga da yawa, ku tsarma ku sake.

Don samun allurai masu tsabta, ku sa ɗan garin a busasshiyar bika, ku rufe da gilashin agogo, ku ɗora a kan yashi mai zafi. Kada ku sa ƙanƙara a kan gilashin sai bikar ta yi zafi, in ba haka ba raɓa za ta taru a ciki ta wanke abin da ya daskare. Kafeyin mai tsabta yana narkewa a digiri 235 zuwa 238, kuma ana gwada shi a siririn bututun da aka liƙe bakinsa, domin a buɗaɗɗe zai tashi kafin ya narke.

Inda babu akwatin hayaƙi

Kafeyin yana hana wasu iri tsira yana kuma daƙushe saiwa. Irin lafsur, wanda masu kayan ƙamshi a nan ke sayarwa da sunan rashad, yana tsira cikin kwana ɗaya ko biyu. Ku narkar da kafeyin giram 0.194 a mililita 100, wannan milimol 10 ne a kowace lita, ku tsarma zuwa 5, 2.5 da 1, ku ajiye ruwa zalla na kwatance. Kowane faranti ya samu takardar tacewa, iri 20 da ruwa mililita 5, kuma kowane ƙarfi ya samu faranti huɗu. Ku sa su cikin leda mai zik, domin na'urar sanyi tana busar da takarda, ruwan da ya rage kuma ya ƙara ƙarfi ba ku sani ba. Ku ƙirga waɗanda suka tsira kullum, ku auna tsawon saiwa da rula a rana ta biyar. Idan kuna son gwada ruwan gahawa ko na goro, ku haɗa da gahawar da aka cire wa kafeyin, ku auna pH na kowanne, in ba haka ba ba za ku iya raba aikin kafeyin da na tsami ba. Farantin da ya yi fumfuna a jefar da shi a rufe, a rubuta cewa an jefar.

Tanin kuwa yana yin baƙi-shuɗi ko kore da ayan kulorayid (FeCl3) mai kashi 1, wannan kuma waya tana iya aunawa. Ku yi akwatin kwali mai fitila ɗaya a ciki da rami ɗaya na kyamara, ku kulle hasken kyamarar kada ta riƙa gyara kanta, ku zana layi da tanik asid da aka san ƙarfinsa. Tambayar ita ce yadda tanin ke ƙaruwa daga minti 1 zuwa 10 na jiƙa shayi, kuma tana da amfani a gida, tunda tanin yana rage yawan ƙarfen da jiki ke ɗauka daga abinci. Shayin madara ba ya aunuwa ta wannan hanya saboda gurɓatar ruwan.

Maimaici, rubutu da shara

Kowane samfur a yi shi sau uku tun daga auna garin, ba a auna jiƙo ɗaya sau uku ba. Idan farin goro ya ba da 1.7, 2.0 da 1.9, ja ya ba da 1.8, 2.1 da 1.9, sakamakon shi ne ba ku ga bambanci ba, kuma haka za ku rubuta. Sakamako ne karɓaɓɓe. Ku riƙe littafi ɗinkakke, ku rubuta da biro da kwanan wata, har gwajin da ya lalace da dalilinsa.

Ku ware mako takwas, ku kauce wa makon jarrabawa da hutun salla. Biyun farko na karatu da cike takardu da jiran sinadarai ne, na uku na gwada hanya a kan shayi mai arha, uku na ainihin awo, sauran na lissafi da allon nuni. Goro ba ya jira, ku saye shi a ranar da za ku busar. Ragowar etil asitet da metanol a tara su a kwalbar shara mai suna, ragowar aidin a kashe launinsa da tayosalfet kafin a zubar, garin kafeyin kuma a miƙa wa malami ya kulle. A teburin baje koli hotunansa za ku kafa, domin ƙa'idojin ISEF ba su yarda a ajiye sinadarai a wurin nuni ba.